Wai wa ya san tarihin jardan ɗin nan na ƙananan garuruwanmu?

Ɗan Zango:
Salamu alaikum 'yan uwa. Jiya na je garinmu can gefen Mirya gaisuwar rasuwa, sai na biya ta jardan ɗin (lambun shaƙatawa na gari) da muke wasa muna 'yan lakwal, wallahi ban gane wurin ba, wayar da aka kewaye shi da ita an kwashe, bencin siminti ɗaya ya rage shi ma ya tsage awaki na kwance a kai. Shi ne nake tambaya, asalin irin wuraren nan Nasara ne suka kawo ko tun zamanin sarakuna akwai su?

Baba Mai Rediyo:
Wa alaikumus salam ɗana. Sunan ma ai ya gaya maka, jardan kalmar Faransa ce. Mu a da wurin taruwarmu ƙofar fada ne da dandali da gindin kuka, ba a kewayewa ba a sa ƙofa. Nasara sun ci Damagaram a 1899 bayan yaƙin Tirmini, garin nan na Damagaram (Zinder) ya zama babban birnin Nijar daga 1911 har 1926 da suka koma Yamai, cikin dalilansu kuwa har da ƙarancin ruwa, to ka ga garin da gwamna ya bari saboda ruwa ina zai iya da shayar da furanni. Amma in naku na ƙaramin gari ne ni na fi zaton na zamanin shugaban ƙasa Kunce ne, tun 1975 aka mai da 3 ga Agusta ranar dashen itace, mu 'yan samariya, ƙungiyar matasa ta lokacin, mu muka riƙa haƙa ramuka muna dasa dogon yaro, kowa da icensa, kullum da marece ka ɗauko bokiti biyu daga rijiya ka zuba masa, in naka ya bushe kai za a yi wa dariya har a gidan buki.

Hajiyar Birni:
Baba gaskiya ne amma kar a ba Nasara ladan kula da ice. Kakata takan ce zamanin Sarki Tanimu, wanda ya gina ganuwar Birnin Damagaram, mutum bai isa ya sare gawo ba, hukuncin ba na wasa ba ne. Kuma ku je Mirya ku ga garake da kukoki, wa ya koya musu?

Ɗan Zango:
Allah ya ƙara girma Baba, dogon yaro ne kuwa a jere kamar an ja igiya, guda shida na ƙirga. Akwai wani tsoho mai gadi da ke korar mu da tsumagiya in mun hau, yana rasuwa aka cire kan famfon shi ke nan.

Mai Kabu-kabu 07:
Hhh ni dai yanzu abin da na sani jardan wurin fadar samari ne, shayi da karta har tsakar dare. Lokacin shirin gyaran gari na Zinder Sabuwa a 2018 mun ga an dasa itace a bakin titi, amma a garin da muke sayen ruwan sha a bido wurin 'yan garuwa wa zai ɗauki nasa ya zuba wa icen gwamnati? Ɗan Zango in ka koma ka tambayi tsofaffin da ke zama ƙofar masallacin Juma'a, a cikinsu ba za ka rasa wanda ya dasa ɗaya daga cikin shidan nan ba, ka riƙe musu goro.