Shin zari-ruga na mutum 13 yana da sauran gaba?

Malam Habu: Jama'a, salamu alaikum. Ra'ayina shi ne zari-ruga na mutum 13, wanda ake kira lig, ya rasa dalilin wanzuwarsa. An kafa shi ne a 1895 a garin Huddersfield, lokacin da ƙungiyoyi 22 na arewacin Ingila suka ɓalle, saboda hukumar wasan ta hana a biya ma'aikatan masaƙu da na haƙar kwal ladan aikin da suke rasawa ranar Asabar idan sun je wasa. To, tun 1995 yuniyan, wato na mutum 15, ya halatta biyan 'yan wasa. Abin da ya kawo rabuwar ya kau, don haka ina ganin sannu a hankali babban zai haɗiye ƙaramin.

Hajiya Binta: Wa alaikumus salam. Malam, da girmanka, ban yarda ba. Kuɗi ne ya raba su, amma shekara 130 ta mai da su wasa biyu daban. A lig, ƙungiya tana riƙe ƙwallo har a kayar da 'yan wasanta sau shida, sannan ta miƙa wa abokan hamayya, kuma wanda aka kayar yana miƙewa nan take ya tura ƙwallon baya da ƙafa, ba a tsayawa ana turereniya a kansa. Ni a Leeds nake zaune, kuma idan ana wasa a filin Headingley za ka ga tsohuwa riƙe da hannun jikanta, su biyun da mayafin wuya mai shuɗi da ruwan ɗorawa, tana gaya masa sunayen 'yan wasan da mahaifinta ya kalla. Irin waɗannan mutane ba za su koma wani wasa ba don yuniyan ya canza dokarsa. Sannan laifi tudu ne: yuniyan ɗin da ake cewa zai haɗiye wani, ai a Ingila manyan ƙungiyoyinsa uku, Worcester da Wasps da London Irish, suka durƙushe tsakanin 2022 da 2023 saboda bashi.

Injiniya Lawal: Hajiya ta yi gaskiya, kuma a duba Ostireliya. A can lig ne ke gaba da nisa. Gasar NRL, babbar gasar lig ta ƙasar, ta ƙara ƙungiya ta 17 a 2023, ta buɗe kakarta a Las Vegas a 2024, kuma za ta karɓi ƙungiya daga Papua New Guinea a 2028 da tallafin gwamnatin Ostireliya na dalarta miliyan 600 a cikin shekara goma. A ƙasar guda kuma yuniyan ya rasa ƙungiyar Melbourne Rebels a 2024.

Malam Habu: Injiniya, ai hujjata ka ƙarfafa. Wasan da ƙarfinsa ya taru a jihohi biyu na Ostireliya, New South Wales da Queensland, sai kuma garuruwan da ke gefen babbar hanyar M62 a Ingila, yana da wuya a kira shi wasan duniya. Lig ya fara gasar cin kofin duniya a 1954, shekara 33 kafin yuniyan, amma ina aka kwana? Faransa ta janye daga karɓar baƙuncin gasar 2025, aka ɗage ta zuwa 2026, aka kuma rage ƙasashen maza daga 16 zuwa 10. Yuniyan kuwa yana da Afirka ta Kudu da Ajantina da Japan da Ayalan, kuma ƙasashen gasarsa za su ƙaru zuwa 24 a 2027.

Ɗanjuma: Ranka ya daɗe Malam, ina neman izinin tsoma baki. Raunin lig a Faransa yana da tarihi, domin a 1941 gwamnatin Vichy, wadda ta mulki Faransa da haɗin kan Jamus a yaƙin duniya na biyu, ta haramta shi, ta kuma ƙwace dukiyar hukumarsa, duk da haka bai mutu ba, har ƙungiyar Faransa ta Catalans Dragons ta ci kofin Challenge na Ingila a Wembley a 2018. Kuma Samoa ta kai wasan ƙarshe na kofin duniya a 2022, bayan ta fitar da Ingila a gidanta.

Hajiya Binta: Inda nake tare da Malam shi ne halin da ake ciki a Ingila, kuma abin yana damuna ƙwarai. Bradford Bulls, wadda ta taɓa zama zakara, ta rushe a 2017 kafin a sake kafa ta, ƙungiyar Toronto ta Kanada ta janye daga gasar Ingila a 2020, Salford kuma ta yi fama da biyan albashi a 2025. Idan matashi ya yi fice a Wigan ko St Helens, ba da jimawa ba Ostireliya ke ɗauke shi, domin albashin can ya fi na nan nesa ba kusa ba. Don haka barazanar da nake gani ba daga yuniyan take ba, daga lig ɗin Ostireliya take.

Malam Habu: To Hajiya, na sassauta kan batun haɗiyewa, amma ina nan a kan bakana cewa wasan yana tsukewa zuwa yanki guda. Zan sauya ra'ayi ne ranar da ƙungiyar Ingila ta iya riƙe gwaninta har ya yi ritaya a gida, ko kuma ranar da wata ƙasa ta karɓe kofin duniya daga hannun Ostireliya, abin da rabon a gani tun 2008 da New Zealand ta ci.