Muhawara: Dayton ce ta ɗaure Bosniya, ko Babban Wakili?

Malam Sabo: Jama'a, abin nan ya ishe ni. Duk takardar binciken da ka buɗe kan raba mulki bayan yaƙi, sai ka tarar an kafa Bosniya misalin nasara, wai tun da aka sa hannu kan yarjejeniyar Dayton, wadda ta kawo ƙarshen yaƙin ƙasar, a Paris ranar 14 ga Disamba 1995 ba a koma fagen daga ba. To sai me? Ku dubi yadda doka ke wucewa a can. Ƙasar ɓangare biyu ce, kuma Majalisar Wakilai kujera 42 ce, 28 daga ɓangaren Tarayya na Bosniyak (Musulmin Bosniya) da Kurowat, 14 daga Jamhuriyar Sirpska ta Sabiyawa. Rinjaye kaɗai bai isa ba, sai an samu kashi ɗaya cikin uku na wakilan kowane ɓangare. In ba a samu ba, shugabannin majalisa su yi kwana uku suna neman sulhu, a sake ƙuri'a, kuma idan kashi biyu cikin uku na ɓangare guda suka ce a'a, dokar ta mutu. Wato mutum 10 daga cikin 14 ɗin nan sun isa su tsayar da ƙasa cak. A Majalisar Al'ummomi kuwa, mai kujera 15, biyar Bosniyak, biyar Kurowat, biyar Sabiyawa, ba a zama sai da mutum uku daga kowace al'umma. Uku su kwana a gida, an tashi. A 2013 jarirai sun yi watanni ba lambar shaidar ɗan ƙasa, ba fasfo, saboda an kasa daidaitawa kan dokar rajista, har iyaye suka yi wa majalisa ƙawanya a Sarayebo. Bayan zaɓen 2018 sai da aka yi wata 14 kafin a kafa majalisar ministoci. Maganata ɗaya ce: ƙuri'ar ɓangare ita ce cutar, a cire ta ƙasar ta motsa. Ga kuma Babban Wakili a samansu, jami'in ƙasashen waje mai sa ido kan aiwatar da yarjejeniyar, Baturen da ba wanda ya zaɓa, mulkin mallaka tsagwaronsa.

Dokta Larai: Malam Sabo, ina tare da kai har ka zo kan mulkin mallaka. A nan ka zame. Mulkin mallaka yana da alamomi: uwar ƙasa guda da ke naɗa gwamna, haraji da albarkatu suna fita zuwa can, kuma an shigo ne da bindiga. Ofishin Babban Wakili yana cikin rataye na 10 na yarjejeniyar, kuma ɓangarorin da kansu suka sa hannu. Kuɗi shiga Bosniya suka yi, ba fita ba. Tun 2008 ma an gindaya sharuɗɗan rufe ofishin, buri 5 da sharaɗi 2, ciki har da rabon kadarorin gwamnati da na soja. Wace uwar ƙasa ce a nan?

Ɗan'asabe: Dokta, wa ya sa hannu? Sabiyawan Bosniya ba su da ta cewa a Dayton, Milosevic shugaban Sabiya ne ya yi magana da yawunsu. Sannan ki karanta rataye na 10 ɗin da kyau, babu inda aka rubuta cewa Babban Wakili zai tuɓe zaɓaɓɓen shugaba ko ya kafa doka. A taron Bonn na Disamba 1997 ne ƙasashen da ke kula da aiwatar da yarjejeniyar suka ce tunda shi ne mai fassara ta ƙarshe, to ya fassara wa kansa wannan iko. A Maris 1999 Babban Wakili Carlos Westendorp ya tuɓe Nikola Poplasen, zaɓaɓɓen shugaban Sirpska. A Maris 2001 Wolfgang Petritsch ya cire Ante Jelavic daga kujerar shugabancin ƙasa. A ƙarshen Yuni 2004 Paddy Ashdown ya sallami mutum kusan 60 a rana guda. Ba kotu, ba lauya, ba ɗaukaka ƙara. Da wasunsu suka kai kuka Kotun Turai ta Haƙƙin Ɗan'adam, a 2007 ta ce ba huruminta ba ne. In wannan ba gwamnan mulkin mallaka ba ne, ki faɗa mini sunansa.

Dokta Larai: Sunansa riƙon amana na ƙasa da ƙasa. An yi irinsa a Kosobo daga 1999, an yi a Timor ta Gabas.

Ɗan'asabe: Na Timor ta Gabas ya ƙare a 2002. Wannan ya haura shekara 25. Tun 2003 wasu masu bincike biyu suka kwatanta shi da mulkin Ingila a Indiya a wata mujallar nazarin dimokuraɗiyya, kuma ba 'yan Rasha ba ne, kafin a ce.

Malam Sabo: Ku yi haƙuri, ni kan ƙuri'ar ɓangare nake magana. A 2006 an kawo gyaran tsarin mulki, ƙuri'a biyu kacal suka hana shi wucewa, an samu 26 ana neman 28. Wannan ya kamata mu tattauna.

Hajiya Asma'u: Ɗan'asabe, ƙanena, ka lissafa waɗanda aka tuɓe, ba ka faɗi dalili ba. Mutanen 2004 ɗin nan an kore su ne kan ɓoye Radovan Karadzic, shugaban Sabiyawan Bosniya lokacin yaƙi, wanda kotun Hague ta same shi da laifin kisan ƙare dangi. Kuma ka manta da abin da wannan ikon ya gina. Tutar ƙasa ta 1998, Babban Wakili ne ya kafa ta da majalisa ta kasa. Lambar mota fa? Kafin 1998 lamba tana nuna garinka, ka tsallaka ɓangaren wasu a farfasa maka gilashi. Sai aka fito da lamba guda ga kowa, ba sunan gari, kuma haruffan da aka zaɓa su ne masu kama ɗaya a rubutun Latin da na Sirilik, irin su A, E, K, M, T. Daga nan mutane suka fara zuwa duba gidajensu da aka ƙwace. Rundunar soja guda da harajin kaya na bai ɗaya, kashi 17 daga 2006, duk da matsin wannan ofishi aka same su. Wanda ke kiransa mulkin mallaka, bakin Milorad Dodik, jagoran Sabiyawan Bosniya mai ɗasawa da Rasha, ya ara, ko ya sani ko bai sani ba.

Ɗan'asabe: Yaya Asma'u, ai na san za a zo nan. Duk wanda ya soki Bature a zauren nan sai a ce ɗan Mosko ne.

Hajiya Asma'u: Ban ce ba, kai ka ce. Amma amsa mini: a Yuli 2021 Babban Wakili Valentin Inzko ya kafa dokar hukunta musun kisan Srebrenica, inda aka kashe maza da yara fiye da 8,000 a Yuli 1995. Majalisa za ta taɓa yin wannan dokar da mutum 10 ɗin Malam Sabo a ciki? Kana goyon bayan dokar ko ba ka goyon baya?

Ɗan'asabe: Kisan ya faru, Kotun Duniya ta tabbatar a 2007, ba na musu. Amma alherin gwamna ba ya mayar da shi zaɓaɓɓe. Ga wadda za ta ƙona ki: daren 2 ga Oktoba 2022, an rufe rumfunan zaɓe ke nan, Babban Wakili Christian Schmidt ya sauya dokokin zaɓe da tsarin mulkin ɓangaren Tarayya. Mutane sun riga sun jefa ƙuri'a a kan wata ƙa'ida, aka raba kujerun da wata. Su wa suka yi kuka? Jam'iyyun Bosniyak, don sun ce jam'iyyar HDZ ta Kurowat aka yi wa. Su ne ma suka yi dafifi a ƙofar ofishinsa tun watan Yuli da labarin ya fita. A ranar me kika kira shi?

Hajiya Asma'u: Wannan kuskuren mutum ɗaya ne, ba laifin ofishi ba.

Ɗan'asabe: Af! In ya daki Sabiyawa adalci, in ya daki Bosniyak kuskure.

Ustaz Nura: Ku duka kun bar inda gizo ke saƙa. Mulkin mallaka na gaskiya a Bosniya shi ne na Ostiriya da Hangari. Taron Berlin na 1878 ya miƙa musu ƙasar ba a tambayi kowa ba, suka shigo da soja mutanen gari suka yi turjiya, a 1908 suka haɗiye ta ɗungurungum. Ministan kuɗinsu ne ke mulkinta daga Biyana, Benjamin Kallay ya riƙe ta daga 1882 zuwa 1903. Schmidt Bajamushe ne, Inzko da Petritsch 'yan Ostiriya. Jikoki ne suka dawo gonar kaka.

Malam Bitrus: Ustaz, ka fara lissafi daga 1878 kamar ranar aka halicci ƙasar. Daular Usmaniyya ta ci Bosniya a 1463, ta yi shekara sama da 400. Ita me za a kira ta?

Ustaz Nura: Ba ɗaya ba ne. A ƙarƙashin Usmaniyya ɗan Bosniya yana zama babban waziri. Sokollu Mehmed Pasha ya riƙe waziranci a zamanin sarakuna uku, ya gina gadar Visegrad da ke tsaye har yau. Nuna mini ɗan Indiya da ya zama firaministan Ingila a zamanin mulkin mallaka.

Malam Bitrus: Sokollu ɗin yaro ne daga gidan Kiristocin Otodoks da aka ɗauke daga iyayensa ta tsarin kwasar yara. Misalinka ya kā da kai. Kuma a 1831 Musulmin Bosniya da kansu suka yi wa Sarkin Istanbul tawaye a ƙarƙashin Husein Gradascevic.

Ustaz Nura: Tawayen masu gonaki ne da ba sa son gyaran soja. Kawo hujja cewa neman 'yanci ne.

Malam Bitrus: Kai ma kawo taka.

Malam Sabo: Don Allah, 1463 ina, ƙuri'ar ɓangare ina?

Barista Hadiza: Malam Sabo, bari in ɗan taimake ka, ko da yake ba daidai inda kake so ba. Abin da kotu ta kama a tsarin mulkin nan ba Babban Wakili ba ne, kalmar "al'ummomi masu kafa ƙasa" ce, wato Bosniyak, Kurowat da Sabiyawa. Kujerun shugabanci uku an keɓe su: Bosniyak da Kurowat daga ɓangaren Tarayya, Basabiye daga Sirpska. Dervo Sejdic, ɗan ƙabilar Roma, da Jakob Finci, Bayahude, suka kai ƙara cewa an hana su takara, a Disamba 2009 Kotun Turai ta ba su gaskiya. A 2016 ta sake ba wani Bosniyak mazaunin Sirpska gaskiya kan irin wannan. Ba a aiwatar da ko ɗaya ba, don gyaran yana buƙatar amincewar majalisun da Malam Sabo ya bayyana. Kuma Babban Wakili, da duk ikon da ake faɗa, bai taɓa gyara tsarin mulkin ƙasar ba. Gwamnan mulkin mallaka da ba ya iya taɓa tsarin mulki, wane irin gwamna ne?

Dokta Larai: Yauwa Barista.

Ɗan'asabe: Na ɓangarorin ai an taɓa, Petritsch ya yi a 2002, Schmidt ya yi a 2022. Kuma alƙalai uku cikin tara na Kotun Tsarin Mulki baƙi ne, shugaban Kotun Turai ke naɗa su. Su haɗu da alƙalai biyu su yi rinjaye. Ku lissafa.

Barista Hadiza: Ba ni shari'a nawa aka yanke da biyar da huɗu a haka.

Ɗan'asabe: Hukuncin 2000 kan al'ummomi masu kafa ƙasa. Sauran ki nema.

Malam Garba: Masu nazarin wannan fanni ai gida biyu ne. Arend Lijphart ya ce a ba kowace al'umma kasonta da kujerar na-ƙi, shi ne Dayton. Donald Horowitz ya ce a tilasta wa ɗan takara neman ƙuri'ar wasu, yana kafa misali da tsarinmu na 1979, kashi 25 a kashi biyu cikin uku na jihohi. Bosniya ta ɗanɗana irin wannan ba da niyya ba: mai zaɓe a Tarayya yana da ƙuri'a ɗaya, ya ga dama ya jefa wa ɗan takarar Kurowat. Haka Zeljko Komsic ya ci a 2006, 2010, 2018 da 2022, HDZ tana cewa Bosniyak ne suka zaɓar wa Kurowat wakili. Ƙidayar 2013 ta ba Bosniyak kusan kashi 50, Kurowat kusan 15, don haka lissafin ba ya ɓoye.

Malam Bitrus: Tsarin 1979 da ya haifi sha biyu da biyu bisa uku? Shagari ya samu kashi 25 a jiha 12 cikin 19, a Kano bai kai ba, aka yanka Kano a takarda. Wannan za a kai wa Bosniya?

Malam Garba: Kotun Ƙoli ta yanke, magana ta ƙare tun kafin a haifi rabin zauren nan.

Malam Bitrus: Ta yanke da sauri don a miƙa mulki 1 ga Oktoba.

Ustaz Nura: Awolowo ko da an ba shi Kanon ba zai ci ba.

Hajiya Asma'u: Dare ya yi, Dokta ki rufe mana.

Dokta Larai: To, ga abin da aka cimma. Kusan kowa ya yarda cewa kiran ofishin Babban Wakili mulkin mallaka wuce gona da iri ne, kuma Barista Hadiza ta kashe maganar da hujjar da ba a iya amsawa ba. Hajiya Asma'u ta nuna da misalai cewa tuta, lambar mota, soja da haraji duk ta wannan ofishi aka same su. Ɗan'asabe ya kawo jerin waɗanda aka tuɓe, amma da aka nemi shari'o'i ya kawo ɗaya tak, kuma bai faɗa mana fili ko yana goyon bayan dokar Inzko ba. Abin da Schmidt ya yi a 2022 an amince tuntuɓe ne na mutum guda. Ustaz Nura da Malam Bitrus sun tafi tarihi, ba wanda ya kawo wa ɗan'uwansa hujja, ko da yake a ganina Ustaz ya fi kusa kan Ostiriya. Maganar 1979 ba ta zauren nan ba ce, kada a sake kawo ta. Mako mai zuwa Kosobo da ƙudurin Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba 1244, kuma Ɗan'asabe, ka zo da takardu.