Norway ta fara karɓar kuɗin makaranta, in tafi ko in haƙura?

Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Na samu gurbin digiri na biyu a Norway sai na tarar tun 2023 suka fara karɓar kuɗin makaranta daga ɗaliban da ba 'yan Turai ba, ni kuma niyyata in na gama in zauna in yi aiki. Abin da ke damuna, ƙasa mai mai kamar tamu ce, kar dai lalitarsu ce ta fara ƙasa, in sayar da filin gadona a banza.

Malam Bashir: Wa alaikumus salam ƙanena. Kwantar da hankalinka ta wannan ɓangaren. Kuɗin man nasu ba sa cinye shi, asusu suka kafa a 1990 suka fara zubawa a 1996, kuma duk a waje ake juya shi. Doka suka yi wa kansu a 2001 cewa kashi 4 cikin ɗari na asusun kawai gwamnati za ta riƙa taɓawa a shekara, 2017 suka rage zuwa 3. Ingila ma a teku ɗaya suke haƙo mai amma ita ba ta tara komai ba.

Maman Hanif: Gaskiya ne Malam, amma a faɗa masa ɗaya gefen. Ina zaune a Oslo, babban birnin Norway, kullum maganar da ake yi ita ce tsofaffi na ƙaruwa, fansho da asibiti na cin kuɗi, masu aikin da za su biya haraji ba su kai ba, sannan kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kasafinsu daga asusun nan yake fitowa, shi kuwa yawanci hannun jari ne, ranar da kasuwar duniya ta faɗi za su ji a jikinsu. Makwabtansu Suwidin da Denmak ba su da wannan gatan, dole suka koyi tsimi da wuri.

Abu Safwan: Holan ta rufe haƙar iskar gas ɗinta ta yankin Groningen da ke arewacin ƙasar saboda girgizar ƙasa kuma tana nan da ranta. Ni filin gadon nan da zai sayar ne ya tsaya min a rai wallahi.

Maman Hanif: Ni ma shi. Hayar ɗaki ɗaya a nan sai ta cinye maka rabin abin da ka samu, ga aiki mai kyau sai da yarensu. Ɗan uwa kar ka sayar, nemi tallafin karatu tukuna, ka duba Jamus ma, yawancin jami'o'in gwamnatinsu ba a biya. Wane fanni za ka karanta?