Neman kalma: "yaƙin daji" ko "yaƙin kurmi"?

Jama'a, ina cikin rubutu a kan gwabzawar sojojin Ostireliya da na Japan a hanyar Kokoda ta yankin Papua (cikin ƙasar Papua New Guinea ta yau) a shekarar 1942, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sai na ci karo da abin da Turawa ke kira "jungle warfare", kuma ina neman sunan da ya dace da shi a Hausa.

Da farko na rubuta "yaƙin daji", daga baya na goge, domin daji a wurin Bahaushe fili ne mai ciyawa da ƙaya da itatuwa jefi-jefi, inda mahayin doki kan hango abokin gaba tun daga nesa. Kokoda kuwa turbar ƙafa ce mai tsawon kusan kilomita 96 da ta ratsa tsaunukan Owen Stanley, ga ruwan sama kusan kullum, ga taɓo, ga itatuwan da suka haɗe kai har rana ba ta isa ƙasa. Sojan da ya yi kwanton ɓauna a ƙauyen Isurava da ke kan turbar a ƙarshen watan Agusta yakan ji motsin abokin gaba kafin ya gan shi. Mota ba ta shiga wurin, 'yan dakon Papua ne ke hawa da abinci da harsasai, su sauko ɗauke da waɗanda suka jikkata, kuma zazzaɓin cizon sauro da atuni sun kwantar da sojojin Ostireliya fiye da yadda harsashi ya yi.

Wani malami ya kawo shawarar "yaƙin sunƙuru". Allah ya gafarta malam, a ganina wannan sunan salon yaƙi ne na sari-ka-noƙe, alhali a nan rundunoni biyu na gwamnati ne suka fuskanci juna: Japanawa sun sauka a gaɓar Gona ranar 21 ga Yuli da nufin kama Port Moresby, babban birnin yankin, suka kai tudun Ioribaiwa da ke kusa da birnin a watan Satumba, sannan suka ja da baya har Ostireliya ta ƙwace ƙauyen Kokoda ranar 2 ga Nuwamba.

Saboda haka na tsaya a kan "yaƙin kurmi". Na san wani zai ce Kurmi na nufin Kudu, amma ai duhun itatuwa ne ya sa aka raɗa wa ƙasar wannan suna. Kalmar za ta yi mana amfani har a tarihin kakanninmu na Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, waɗanda suka kara da Japanawa a kurmin ƙasar Bama, wato Myanmar ta yau.