Na daina karin kumallo don in rage ƙiba, amma sikeli ya ƙi sauka

Saƙon mai neman shawara:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina roƙon shugabar zaure ta sakaya sunana. Ni malamar firamare ce a Kano, shekaruna 34, 'ya'yana uku, kuma na yaye autana tun bara. Tsawona mita 1.62 ne, nauyina kuwa kilo 88 a ranar da na hau sikeli a asibiti, kuma gwiwoyina sun fara yi mini ciwo idan na daɗe a tsaye gaban allo.

Wata huɗu ke nan da na daina karin kumallo. Nakan dama wa yara koko, in soya wa maigida ƙwai, ni kuma in fita da ƙarfe bakwai ba tare da na sa komai a bakina ba. Idan aka fita tara, hannuna har rawa yake yi, sai in aiki yaro ya sayo mini fanke huɗu da lemon kwalba. Nakan dawo gida wajen biyu da rabi in ci shinkafa da miya, da dare kuma ina jiran maigida mu ci tuwo bayan ƙarfe tara. Makon jiya na sake hawa sikeli, na ga kilo 89. Surukata ta ce gyambon ciki nake nema wa kaina, wata abokiyar aikina kuma ta ce wanda bai karya ba jikinsa ba ya ƙona kitse. Shin in koma karyawa ne, kuma idan zan koma, me zan ci?

Amsar wata ma'aikaciyar jinya daga Zariya:

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Da na karanta saƙonki sai na ga ba ki daina karin kumallo ba, jinkirta shi kika yi zuwa lokacin da yunwa ta riga ta ci ƙarfinki, kuma mai jin irin wannan yunwa ba ya zaɓen abinci, abin da ke bakin ƙofar makaranta shi zai saya. Lemon kwalba ɗaya na santilita 35 yana ɗauke da sukarin da ya kai ƙaramin cokali tara, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce kimanin cokali 12 a yini, kuma idan ya tsaya a shida ya fi. Fanke kuwa fulawa ce da sukari da aka tsoma a mai, kuma babban cokali ɗaya na mai yana da kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) kusan 120, fiye da dafaffen ƙwai guda wanda bai wuce 80 ba. Wato abin da kike ci a tsaye cikin minti biyar ya fi kokon da kika hana kanki nauyi, sannan ba ya riƙe ciki, shi ya sa kike isa gida a galabaice ki cika faranti.

Shawarata ita ce ki karya kafin ki fita, amma da abin da ke daɗewa a ciki, wato mai gina jiki da mai dusa. Dafaffen ƙwai biyu da kofin kunun gero marar sukari sun isa, ko alale ɗaya da koko, ko faten wake da alayyahu, ko kindirmo da 'yar gyaɗa. Ƙosai ma wake ne, sai dai yana shan mai, don haka uku ko huɗu sun wadatar. Abin da ba zan ba ki shawararsa ba shi ne shayi mai kauri da madarar gwangwani da sukari cokali uku da rabin burodi, domin wannan kafin azahar ya bar ki da yunwa. Ki sa goran ruwa da gwaiba ko kokwamba a jakarki saboda lokacin tara.

Batun gyambon ciki kuma, ki faɗa wa Mama cikin ladabi cewa yawancinsa wata ƙwayar cuta ce mai suna H. pylori ke kawo shi, sai yawan shan magungunan kashe ciwo irin su ibuprofen da diclofenac. Na ambaci wannan ne saboda kin ce gwiwa na damunki, kada ki mayar da su abin sha kullum.

Amsar wata 'yar kasuwa daga Kaduna:

Ni dai ban yarda cewa dole sai an karya ba. Shekara guda ke nan ba na cin komai sai ƙarfe goma sha biyu, in rufe baki da magariba, kuma na sauke kilo bakwai. Bambancina da mai tambaya shi ne ni a shago nake zaune, kuma ina tafiya da abincina a kula, ita kuwa tana tsaye tana ɗaga murya a kan yara sittin.

Amsar wata malamar jami'a:

Maganar Hajiya ta Kaduna tana da tushe, kuma ina so in gyara abin da abokiyar aikinki ta faɗa miki. An daɗe ana lura cewa masu karyawa sun fi marasa karyawa ƙarancin ƙiba, amma hakan bai nuna cewa kalacin ne ya rage musu ba, domin sau da yawa su ne kuma masu barci da wuri da motsa jiki. A shekarar 2019 masu bincike a Jami'ar Monash ta Ostireliya sun tattara gwaje-gwaje 13 da aka raba mutane gida biyu, suka wallafa a mujallar likitoci ta BMJ. Sun samu cewa masu karyawa sun fi cin kimanin kalori 260 a yini, kuma bambancin nauyi tsakanin ɓangarorin bai kai rabin kilo ba, waɗanda ba su karya ba ne ma suka ɗan fi ƙarancin nauyi, ko da yake gwaje-gwajen gajeru ne. A 2022 kuma wani gwaji a Jami'ar Aberdeen ya ba mutum 30 abinci mai kalori iri ɗaya, wani lokaci mafi yawansa da safe, wani lokaci da dare. Nauyin da suka sauke daidai ne, sai dai lokacin da suka fi ci da safe sun fi samun sauƙin yunwa.

Saboda haka kalaci ba ya narkar da kitse da kansa, jimillar abin da ya shiga ciki daga safe zuwa dare ita ce ke hukunci. Amfaninsa a wurinki shi ne ya riƙe miki yunwa har ki iya wuce mai fanke. Idan kika ƙara karin kumallo a kan fanken da lemon da tuwon dare ba tare da kin cire komai ba, to kilo 90 za ki gani.

Amsar wata dattijuwa daga Katsina:

'Yata, duk kun tsaya a kan safiya, ni kuwa tuwon ƙarfe tara ne ya tsaya mini a rai. Mu da muka tashi a ƙauye ɗumame muke ci da sassafe, amma daga nan sai daka da surfe da ɗiban ruwa, kuma kafin isha'i an wanke kwanuka. Ki ci naki bayan magariba tare da yara, malmala ɗaya da miya mai yawan ganye, idan maigida ya dawo ki zauna kusa da shi da kofin ruwan ɗumi ki taya shi hira. Ki yi masa bayani tun da rana, kada ya ga kin janye hannu daga kwano ya ɗauka fushi kike yi. Kuma ki tuna hadisin da ya ce kashi ɗaya cikin uku na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya na numfashi.

Amsar wata mai harhaɗa magunguna:

Ina ƙara jan hankalin masu karantawa cewa mai ciwon sukari da ke yin allurar insulin ko shan glibenclamide kada ta tsallake kalaci sai da sanin likitanta, domin sukarinta na iya faɗuwa har ta suma, haka ma mai ciki da mai shayarwa. Ke kuma 'yar'uwa, da wannan tsawo da nauyi ma'aunin BMI naki, wato lissafin da ke kwatanta nauyin mutum da tsawonsa, ya haura 33, kuma daga 30 ake kiransa ƙiba a likitance, don haka ki je a auna miki sukari da hawan jini. Ki guji shayin rage ƙiba da ake tallatawa a waya, da yawansu gudawa kawai suke sa mutum, ruwa ya fita a ɗauka kitse ne. Rabin kilo a mako ci gaba ne mai kyau.

Mai neman shawara ta dawo:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Damuwata ɗaya ita ce lokaci, domin daga sallar asuba zuwa bakwai ina wanka wa yara ne da haɗa musu kwandon makaranta, ban ga inda zan turara alale ba.

Ma'aikaciyar jinya ta ƙara da cewa:

Ki dafa ƙwan tun da dare tare da girkin tuwo, ki bar shi a ɓawonsa cikin firji idan akwai wuta, idan babu kuma ki jefa shi a tukunyar ruwan kokon yara da asuba, minti goma ya isa. Ki ɗebi kokonki kafin ki zuba musu sukari. Alale kuwa ki bar shi sai Asabar da Lahadi. Ki riƙa hawa sikeli ɗaya sau ɗaya a mako, da safe kafin ki ci komai, kuma bayan mako huɗu ki dawo ki faɗa mana abin da ya nuna.