Maganin da ake ajiyewa cikin mafitsara: wa ya san shi?

Ɗan Agege: Assalamu alaikum. Baba ne, shekararsa 67, aka ce sankarar mafitsara ce. Sun kankare ƙarin, sannan mako shida muna zarya asibiti, ana zura masa BCG, wani ruwan magani, cikin mafitsara ta roba, a ce ya riƙe fitsari awa biyu. Wallahi ina zaune ina kallonsa yana damƙe gefen gado, gumi na tsatso masa. Ga cunkoson Ikorodu Road kafin mu isa. Yanzu abin ya dawo, ana maganar cire mafitsarar. Na ji akwai wata na'ura da ake bari a ciki. Gaskiya ne?

Ma'aikaciyar jinya, Idi-Araba: Wa alaikumus salam, Allah ya ba Baba lafiya. Gaskiya ne, sunanta Inlexzo, ta kamfanin Johnson & Johnson, Amurka ta amince da ita a Satumban 2025. Siririn bututu ne mai laushi ɗauke da gemcitabine, wani maganin sankara. A zura ta da roba, ta nannaɗe a ciki, tana sakin maganin kaɗan-kaɗan har mako uku, sannan a ciro ta a sa wata. Amma fa sai ciwon bai kai tsokar bangon mafitsara ba, kuma BCG ya gaza. Takan jawo yawan fitsari da zafinsa. Ka tambayi likitansa zurfin ciwon tukuna.

Mai tumatir, Mile 12: Allah ya sa kaffara ne. Ya taɓa tsargiya yana yaro? Ka faɗa wa likita, don irin sankarar da take jawowa daban ce.

Ɗan Agege: Ya yi, a Wudil. Na gode, Hajiya, Litinin zan tambaya.