Wace kalma za mu ba wa "protein skimmer" da Hausa?

Mai Murjani: Salamu alaikum. Masu kafa babban tankin kiwon murjani da kifi na ruwan gishiri suna yawan tambayar na'urar nan da 'yan kasuwa ke kira sikima. Na ga wasu na rubuta "matacin furotin". Ya kuke gani?

Injiniya: Wa alaikumus salam, Malam. Mataci bai dace ba, don babu rariya ko soso a cikinta. Famfo ne mai farfela mai tsinkaye yake zuƙo iska, ya daddatsa ta ƙanana-ƙanana cikin ruwa. Dattin da ya narke, na kashin kifi da ragowar abinci, sai ya manne wa ƙwayoyin iskar, kumfa ta hau ta wuyan na'urar ta zuba a kofin da ke sama. Kuma ba furotin kaɗai take kamawa ba, har da maiƙo. A ruwan daɗi ƙwayoyin iskar haɗewa suke yi su fashe, shi ya sa sai a ruwan gishiri take aiki sosai. Kumfa ce tushen aikin, dole ta fito a sunan.

Malamar Hausa: To ai muna da aikatau ɗin. Abin da ake yi wa man da ya taso kan nono, yaɗewa ne. Na kawo "mayaɗin kumfa".

Injiniya: Ma'anar ta zauna, Malama, sai dai a rubuce za a ɗauka daga "yaɗa" ne, wato mai baza kumfa. Wannan kuwa shi ne babban laifin na'urar. Idan aka ɗauke wuta, ruwa kan gangaro tankin ƙasa, wato ƙaramin tankin da ke ƙarƙashin babban inda na'urar ke zaune, ya ƙaru. Wuta na dawowa sai kofi ya yi ambaliya, ƙazantar ta koma cikin ruwa. A inda wuta ba ta tsayawa, a sa mata makunni mai jinkirin minti biyar.

Malamar Hausa: Hujja ce. Mu bar shi "injin yaɗe kumfa", wasalin ƙarshe ya raba gardama.

Mai Murjani: Na karɓa. Bari in gwada shi a aiki. Mai tankin lita 1,000 kada ya zaɓi injin yaɗe kumfa da adadin litar da aka rubuta a jikin kwalinsa kawai, ya duba yawan kifinsa da abincin da yake zubawa. Ƙarami ba zai iya da dattin ba. Wanda ya yi girma fiye da kima ma matsala ne: wuyansa na da faɗi, dattin bai isa ya haɗa kumfa mai tsayawa ba, yau ya yi aiki gobe shiru. A auna tankin ƙasa tukuna, har da sararin ɗaga kofi. Yawancinsu na son zurfin ruwa kamar santimita 20, kuma kada ya riƙa hawa da sauka.

Injiniya: A ƙara da cewa sabo kan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu kafin ya daidaita. A wanke wuya da kofi duk mako. In kumfa ta ragu haka kawai, a fara duba bututun iska, gishiri kan bushe ya toshe shi. A bar shi ya zuƙi ruwan ɗumi marar gishiri.

Malamar Hausa: Saura baƙin ruwan da ke taruwa a kofin. Ni "tsamin kofi" ya zo mini, amma "dattin kumfa" ya fi fito da abin.